Minti Goma da Dutsen Ƙofarsa

A wurin aiki Minti Goma suke ce masa, kuma sunan ya biyo shi har gida. Mu dai Kawu muke cewa, don yayan mahaifiyata ne. Matarsa, wadda muke kira Inna, "Ranka ya daɗe" take ce masa, da wata irin murya da duk wanda ya ji zai san ba addu'a take yi ba.

Ɗan mai gyaran agogo ne. A cikin shagon da agogo arba'in suke bugawa ya tashi, amma bai taɓa koyon buɗe ko ɗaya ba. Abin da ya fito da shi daga shagon nan shi ne ƙin jira. Ba ya jiran shayi ya huce, ba ya jiran mutum ya gama magana. Ya fara aiki a tashar jirgin ƙasa yana huda tikiti, aka san shi da rufe ƙofa a fuskar tsofaffi idan lokaci ya cika. Da Kamfani ya zo neman masu zuwa Tsallake, wannan halin ne ya sa aka ɗauke shi.

Tsallake wata duniya ce, tafiyar wata bakwai a kumbo. Waɗanda suka je sun ce babu itace, babu tsuntsu, sai filaye iya ganinka cike da duwatsu masu launin toka, mulmulallu, kowanne kamar kan jariri, kuma kullum da ɗumi. Idan aka niƙa su, garin buhu ɗaya yana ba unguwa guda wuta shekara cur. Fitilar da na yi karatun firamare da ita, da garin nan take ci. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka ina magana daga nesa.

Doka ta ce kafin a taɓa kowane fili a wata duniya, sai an tabbatar babu mai hankali a cikinsa. Kamfani bai karya doka ba. Ya ba Kawu 'yar guduma ta tagulla, da agogo, da hatimi. Idan aka isa sabon fili, sai ya zaɓi dutse ɗaya ya buga sau ɗaya, ya dakata, ya buga sau biyu, ya dakata, ya buga sau uku. Mai hankali zai gane lissafin ya mayar da huɗu. Sai ya danna agogo ya jira minti goma. Idan bai ji komai ba, ya buga hatimi a takarda: BABU KOWA. A rana ta uku sai injin niƙa ya iso.

Shekara goma sha bakwai yana wannan, har Kamfani ya cinye abin da ke kusa ya tattara ya dawo. Fili dubu huɗu da ɗari biyu da shida. Na san adadin ne don ba a cin abinci a gidan Kawu ba tare da an ji shi ba. Yakan ƙara da cewa sauran masu gwajin ragwaye ne, suna kaiwa minti goma sha biyu suna hira, shi kuwa bai taɓa ƙara daƙiƙa ɗaya ba.

An hana ma'aikata ɗauko dutse. A tafiyar ƙarshe kowa ya cusa ɗaya a jaka. Kawu ya ɗauko wanda ya buga a filin ƙarshe, ya kawo wa Inna tsaraba. Ta juya shi a hannu ta ce, "Shekara goma sha bakwai, ka kawo mini dutse." Ƙofar falonsu tana da halin rufe kanta idan iska ta taso, sai ta tokare ta da shi. Nan ya zauna. Tana shanya safa a kansa idan an yi ruwa. Idan ƙafarta ta tashi ciwo takan ɗora ta a kai. Kyanwar maƙwabta ma ta san wurin.

Na zo gidansu da zama lokacin da na shiga jami'a, shekara goma sha tara ke nan da dawowar Kawu. Ba su haihu ba, suka ba ni ƙaramin ɗakin da ke kallon tankin ruwa. Wata ranar Talata muna karyawa, sai muka ji ƙwas daga wajen ƙofa. Inna ta ce famfo ne. Kawu ya ce ɓera. Laraba aka sake, daidai wannan lokacin. Alhamis ma haka. Ranar Juma'a da aka yi na huɗu ina durƙushe kusa da ƙofar ina ɗaura takalmi, na ji ƙarar ta fito daga cikin dutsen, har sai da tayil ya amsa. Muka jira Asabar, shiru. Lahadi, shiru. Huɗu ne cif.

Inna ce ta fara magana. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ranka ya daɗe, ana amsa maka."

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Malaman jami'a suka zo da na'urori. Aka yi shela, tsofaffin ma'aikata suka dinga fito da duwatsu daga ƙarƙashin gado da bayan kabad, wasu da murna, wasu a ɓoye cikin leda. Aka tara ɗari uku da 'yan kai a wani babban ɗaki a jami'a. A nan aka gano cewa idan suna tare, suna taɓa juna, mako ɗaya ya ishe su su ba da amsa. Wanda aka ware shi kaɗai ne tunaninsa yake ja har shekaru, kuma ɗuminsa yana raguwa a hankali har ya mutu. Wato duk filin da Kawu ya buga yana cikin haɗa amsarsa injin ya iso, saura kwana huɗu. Aka daina ce musu duwatsu a takardun hukuma, aka koma cewa Mazauna. Ni kuma na bar sashen lissafi na koma sabon sashen da aka buɗe don koyon magana da su.

Kawu ya yi kwana uku bai fita ba. A rana ta huɗu ya fito ya aske gemu, ya sayo baƙar riga.

Ban ce bai ji komai ba. A kwana ukun nan na ga abincinsa yana komawa kicin yadda aka kai shi. Amma ɗan jarida na farko da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya koya masa cewa nadama ma matsayi ce, kuma babu wanda ya kai shi cancanta. Aka ɗauke dutsen daga ƙasa aka ɗora a kan matashin kujera mafi kyau. Aka sayo masa mayafi mai geza. Kawu ya fara kiransa "Ɗan'uwana". Ƙofar kuwa aka bar ta tana bugun kanta.

Adadin nan bai canza ba. Dubu huɗu da ɗari biyu da shida. Da muryar da yake faɗinsa a da, da ita yake faɗinsa yanzu, sai dai yana dafe ƙirji. Wata rana wani tsohon abokin aikinsa, mai tuƙa injin niƙa, ya zo gaishe shi, ya ce shi ma ba ya iya barci. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ai tuƙi kawai ka yi. Ni ne na buga hatimin." Mutumin ya tafi kamar wanda aka kora daga layi.

Ya rubuta takardar neman gafara shafi arba'in. Shafi goma sha ɗaya na farko labarin yarintarsa ne. Ya kawo mini ɗaki ya ce, "'Yar nan, ke da kika yi karatun abin, mayar mini da wannan zuwa yarensu."

Na ce, "Kawu, alamun da muka sani ba su kai sittin ba."

"To zaɓi masu nauyi."

Na yi mako biyu a kai. Abin da ya yiwu jimla uku ne: Ni ne. Na buga. Ban jira ba. Na rubuta masa yadda zai ƙwanƙwasa su. Ya karanta ya juya bayan takardar yana neman sauran.

"Ina maganar matsin da Kamfani ya yi mana? Ina maganar mahaifina?"

Inna tana guga a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yarinya ta tace maka shafi arba'in ta fitar da gaskiyar da ke ciki, kana neman dusar."

Ya ƙwanƙwasa jimlolin ranar da masu ɗaukar hoto suka zo, da gudumar tagullar nan, wadda ashe ya ajiye ta duk shekarun nan a cikin safa. Hawaye ya zo masa a kan lokaci. Da ya gama ya juya ya ce musu, "Minti goma na ba su. Yanzu zan jira ko da shekara goma sha tara ce." Washegari maganar tana shafin farko na jaridu.

Shugabar sashenmu ta zo da kanta bayan kwana biyu. Mace ce mai gajeren gashi da ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce masa ba sai ya jira shekara goma sha tara ba. Ya kawo dutsen babban ɗaki cikin 'yan'uwansa, mako ɗaya ya ji amsarsa. Kawu ya yi murmushin haƙuri ya ce tsakaninsa da Ɗan'uwansa ne, ba maganar taro ba ce. Ta sake zuwa sau biyu. Doka ba ta ba ta ikon ƙwacewa ba: wanda ya ɗauko shi ne zai sa hannu ya mayar.

Na daɗe ina ɗauka taurin kai ne. Inna ce ta warware mini, muna wanke kwanuka.

"Ke da karatunki ba ki gane ba? Amsar mako ɗaya za ta same shi da rai. Ta shekara goma sha tara kuwa, shekararsa saba'in da ɗaya. Yi lissafin, ai kin taɓa yin lissafi."

Na ce, "Ke fa, Inna? Ba kya jin komai?"

Ta daɗe tana cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. "Safa na shanya a kan mutum shekara goma sha tara. Ina ji mana. Ban dai kira 'yan jarida ba."

Haka aka yi shekara uku. Kawu ya zama abin gayyata. Ya yi jawabi a makarantu, ya dasa itace, ya kafa Ƙungiyar Masu Nadama ya zama shugabanta, suka yi rigima kan wanda zai zama ma'aji har ta rabu biyu. Kowace safiya yakan zauna gaban matashin nan ya sunkuyar da kai, kuma na lura zaman ya fi tsawo idan akwai baƙo. Idan babu, na taɓa duba agogon bango. Ba sai na faɗi minti nawa ba ne.

Sai Hukumar Mayarwa ta sanar cewa kumbo zai tashi ya kai Mazauna gida, can filayen nesa da Kamfani bai kai gare su ba. Kumbo ɗaya ne, kuma ba a san ranar da za a sake wani ba. Za a rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana.

Ni nake auna ɗumin dutsen duk wata, da na'urar da na aro daga sashenmu. Na rubuta wa Kawu sakamakon sau uku na ajiye masa a kan tebur, don na fi iya rubutu da magana. Sau uku ina ganin takardar a ƙarƙashin kofin shayinsa.

Ranar Laraba da hantsi yana gwada jawabin da zai yi kan dalilin da ya sa ba zai rabu da Ɗan'uwansa ba. Inna ta shigo daga kicin hannunta a jiƙe, ta kama wuyan hannunsa, ta yaye mayafin ta danna tafinsa a kan dutsen.

"Me ka ji?"

"Sake ni, mata."

"Na ce me ka ji? Shekara uku kana masa kuka, yaushe rabonka da ka taɓa shi? Da can yana busar da safa kafin azahar. Yanzu kwanon wanka ya fi shi ɗumi." Ta juyo gare ni. "Gaya masa da baki, tunda ba ya karatu."

Na ce, "Ba zai kai shekara biyu ba, Kawu. Babu amsar da za ta zo. Zai mutu a kan kujerar nan."

Ya zare hannunsa ya goge a riga. Ya ce malamai ma suna kuskure.

Inna ta ce, "To shi ke nan. Ranar da ya mutu, masu hoton nan za su dawo. Ka fara rubuta abin da za ka gaya musu. Dubu huɗu da ɗari biyu da bakwai."

Na so a ce sanyin dutsen ne ya motsa shi. Ina kallon fuskarsa, kuma na ga lokacin da ta canza. A kan maganar masu hoto ne.

Alhamis muka tafi mu uku a tasi. Ya ƙi a sa dutsen a jaka, ya rungume shi a ƙirji cikin mayafinsa yadda duk wanda ke kan titi zai gani. Ya sa direba ya bi ta doguwar hanya. Muka isa ofishin Hukumar saura kwata. Babu ɗan jarida ko ɗaya, duk suna can filin kumbo. Ofishin ɗaki ne mai benci biyu da fanka mai ƙara, da wata ma'aikaciya a bayan tebur tana cin biskit daga aljihun teburin.

Kawu ya gyara murya ya faɗi sunansa, ya dakata.

Ta ce, "Baba, cike wannan. Saura minti goma mu rufe."

Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta nemi benci ta zauna.

Fom ɗin shafi ɗaya ne. Suna, adireshi, ranar da aka ɗauko, da layin da ke cewa mai sa hannu ya amince ya riƙe mai hankali ba da yardarsa ba. Ya sa hannu a nan ba gardama, har da ƙawata harafin ƙarshe. A ƙasa akwai ɗan akwati. Ma'aikaciyar ta nuna da bayan biro.

"Wannan idan kana so a sanar da kai ne. A cikin kumbo tare za a jera su, suna taɓa juna. Idan akwai abin da ka faɗa masa, cikin mako guda zai amsa, a rubuto maka."

Kawu ya ce, "Au, a hanya ma suna magana?"

"Sosai ma."

A lokacin na gane dalilin doguwar hanyar, da dalilin Alhamis. A zatonsa ya kawo dutsen a ranar da babu sauran makon amsa kafin kumbo ya tashi. Biron yana hannunsa a saman akwatin. Fanka tana juyawa. Ya duba agogonsa, ya ce bai kamata a takura wa Ɗan'uwansa yana cikin gajiyar tafiya ba. Ya ajiye biron ya tura takardar.

Inna ta taso. Ta jawo takardar kafin ma'aikaciyar ta ɗauka, ta yi wa akwatin alama mai kauri har biron ya kusa huda shi.

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, shi ya kamata ya yi."

"Adireshin nawa ne ni ma. Ni na shanya safar."

Matar ta kalle su su biyun, ta buga hatimi. Wani ma'aikaci ya zo da akwati mai laushin ciki. Inna ta cire mayafin mai geza ta miƙa wa Kawu abinsa, ta ɗora tafinta a kan dutsen na ɗan lokaci. Aka shiga da shi ciki. Kawu ya tambaya ko ana ba da takardar shaida. Aka ce ba a bayarwa.

Kumbon ya tashi ranar Asabar. Labarin da ya iso sashenmu daga baya shi ne, duk waɗanda aka kai a makare sun fara ɗumi a kwana na biyar, har da namu. Na gaya wa Inna a kicin. Ta ce to, ta ci gaba da yanka albasa, ta daɗe tana yankawa.

Wasiƙar ta zo bayan mako uku, cikin ambulan mai ruwan ƙasa da tambarin Hukuma. Ni na karɓa daga hannun mai kawo wasiƙu na kai wa Kawu a falo. Ba ta da nauyi, da alama layi ɗaya ne ko biyu. Ya riƙe ta, ya juya ta, ya ɗaga ta wajen haske sannan ya yi saurin saukewa. Ya ce tabaransa suna ɗaki. Iska ta taso, ƙofar ta buga kamar yadda ta saba tun da aka ɗauke mata dutsenta. Ya ce wannan ƙofa za ta kashe shi. Ya tashi ya ninka ambulan ɗin gida huɗu, ya durƙusa ya cusa a ƙarƙashinta. Ta tsaya.

Na dubi Inna. Da sunansa aka rubuto, ta ce, ba da nata ba, kuma ta gaji da yi masa aikinsa. Ta ce duk ranar da na ga ta ciro, to ta ciro ne don ta share wurin, kuma za ta mayar.

Wata bakwai ke nan. Gefen ambulan ɗin ya yi baƙi da ƙurar takalma. Baƙi sun ragu, amma ana samun ɗalibi ko ɗan jarida jefi-jefi. Kawu yakan zaunar da su kusa da matashin da babu kowa a kai, ya faɗa musu adadin filayen, ya dafe ƙirji. Idan suka tambaya ko Ɗan'uwansa ya yafe masa, sai ya lumshe ido ya ce har yanzu yana jira. Suna rubutawa. Idan za su fita, sukan tsallake takardar da ke ƙarƙashin ƙofa, wasu ma su taka ta.